Muryar Khaulah

Hasanatu ta zo Kuala Lumpur ne a matsayin matar ɗalibi, kamar yawancin matan Hausawa da ke zaune a dogayen benayen unguwar Danau Kota. Mijinta Salihu ya samu tallafin gwamnati zai yi digirin digirgir a jami'ar da ke titin Jalan Semarak. Ita kuwa ta biyo shi da cikin wata biyar da takardar shaidar unguwarzoma da ta samo a Kano, wadda ba ta da wani amfani a ƙasar mutane.

Haihuwar ɗanta Fa'iz ta zo mata da wuya. An yi mata ɗinki, ɗinkin ya warke a ido amma zafin bai tafi ba. Wata bakwai tana gudun shimfiɗar mijinta, yau ta ce ciwon kai, gobe ta fake da kukan yaro, kuma ba ta da wanda za ta faɗa wa. A gida da akwai gwaggo da yayye. A nan daga ita sai bango da ƙarar lifta. Wata tsohuwa 'yar ƙasar da ƙofarsu ke kallon juna, Makcik Zaiton, wato Gwaggo Zaiton a yarensu, ita ta lura da yadda take takawa. Ta kira ta ɗaki ta tambaye ta kai tsaye da Turancinta gutsi-gutsi, ta yi mata tausa irin tasu, ta naɗe mata ciki da dogon ƙyalle, ta dafa mata saiwoyi, sannan ta kama hannunta ta kai ta wurin likitar mata. Cikin wata biyu Hasanatu ta dawo mutum.

Daga nan ta fara hango irin wannan shirun a fuskar wasu mata, a gidan suna, a wurin sayen kifi, a bakin makarantar yara. Ta fara da mutum shida a falonta, ranar Asabar bayan Azahar, lokacin da maza suke ɗakin karatu. Shayi ne da ƙosai, sai hira irin wadda ba a yinta ƙofa a buɗe. Ta san jikin mace a ilmance, bakinta kuma ba ya nauyi wajen kiran abu da sunansa. Mata suna shigowa a takure su fita da sauƙin zuciya. Wannan gaskiya ne, ko waɗanda suka fi jin haushinta daga baya ba su musa ba.

Shekara huɗu bayan haka abin ya zama kamfani mai rajista, Zauren Ni'ima, da ofis a saman wani shagon mamak, irin gidan abincin nan na Indiyawa Musulmi, da injin niƙa da na rufe kwalba. Salihu ya gama karatu ya samu koyarwa a wata kwaleji, zamansu ya miƙe. Hasanatu tana haɗa tsimi da gumba da zuma irin na gida, ta gauraya da saiwoyin da ta koya wurin Makcik, ana aikawa Kano da Jidda da Landan. Akwai aji ta waya kowane mako, akwai zama na ido da ido ga 'yan Zaure. Kowa Anti yake ce mata, har waɗanda suka girme ta.

Akwai kuma Amintattu. Mata goma sha biyu ne da ta zaɓa daga cikin 'yan Zaure. Su ke niƙa, su ke ɗura wa kwalabe, su ke naɗe kaya, su ke amsa saƙon masu saye, daga safe zuwa La'asar, kwana shida a mako. Ba ta biyansu. Bizarsu ta matan ɗalibai ce, ba ta ba su damar yin aiki ba, don haka ta ce musu in ta ba su albashi ta jefa su cikin hatsari. Wannan horo ne, in ji ta, wata rana kowace za ta buɗe reshe a garinsu. Tana ba su kayan gyara kyauta da atamfa iri ɗaya duk Sallah. Abin da ba ta taɓa furtawa ba, amma ta san shi sarai, shi ne bizar nan ce ta rufe musu baki. Duk wadda ta kai ƙara, kanta za ta fara tonawa.

Kuma tana naɗar magana. Duk wadda ta zo da damuwarta, Hasanatu za ta ajiye waya a kan tebur ta ce, "Don in sake saurara a tsanake, in san haɗin da ya dace da ke." Da farko haka ɗin ne. Daga baya ta daina saurara, amma ba ta daina naɗa ba, ba ta kuma goge ko ɗaya ba.

Khaulah ta shigo Zaure tana da shekara ashirin da biyu, amarya daga Zariya, doguwa mai yawan kunya, in za ta yi dariya sai ta rufe baki da gefen hijabi. Mijinta Hambali yana digirin digirgir a fannin sinadarai, mutum ne mai kawaici, shi yake jan sallar Asuba a surau, ƙaramin masallacin benensu, in liman bai fito ba. Sai da ta zo zama huɗu kafin ta iya magana, shi ma sai da kowa ya watse. Wata takwas da aure, amma mijin ya kasa kusantarta yadda ya kamata. An gano yana da ciwon suga, ga malamin da ke duba aikinsa ya matsa masa. Shi ya daina haɗa ido da ita, ita kuma ta ɗauka ita ce ba ta yi masa ba.

Ranar Hasanatu ta yi abin da ya dace. Ba ta ba ta kwalba ko ɗaya ba. Ta ce, "Ƙanwata, wannan ba na tsimi ba ne. Likita za ki lallaɓa shi ya gani." Ta rubuta mata sunan wani asibiti, ta koya mata yadda za ta ɗauko zancen ba tare da ta taɓa masa zuciya ba.

Bayan wata uku Khaulah ta turo saƙon murya na minti biyar. Tana kuka tana dariya, tana ba da labarin tun daga farko, abin da ya faru da abin da bai faru ba, da ranar da komai ya daidaita. "Ranar ma da ya dawo daga ɗakin gwaje-gwaje da hannu a naɗe ce, Anti, da ya ƙone. Ina sa masa magani sai kawai ya kalle ni. Anti, ke ce sila, Allah ya biya ki." A makon ta roƙi a sa ta cikin Amintattu.

Ta fi kowa aiki. Ita ke fara zuwa, ita ke wanke injin. Da ta samu ciki, warin saiwoyin ya fara tayar mata da zuciya, sai a gan ta a bakin taga tana shaƙar iska. Wata Laraba ta sami Hasanatu ita kaɗai tana manna takardu a jikin kwalabe.

"Anti, ina so in ɗan huta da zuwa. Warin nan yana wahalar da ni. Kuma Malam ya ce in fara neman gurbin karatu."

An kusa azumi, kaya sun yi yawa, mutum biyu sun riga sun koma gida. Hasanatu ba ta ɗago ba. Ta yi 'yar dariya ta ce, "Ki huta ki je ina, ƙanwata? Ni da na san abin da ko Mamanki ta Zariya ba ta sani ba? Ai ni da ke babu rabuwa."

Ta faɗe shi kamar wasa. Khaulah ta ce, "To, Anti," ta koma wurin injin. Hasanatu ta ga yadda kafaɗunta suka sauka, ta kuma san abin da yarinyar ta ji a cikin maganar. Ba ta gyara ba. Washegari Khaulah ta zo kafin kowa.

Bayan Sallah kasuwa ta ja baya. Masu sayar da irin kayanta sun cika intanet, kuma ta lura waɗanda suka fi ciniki su ne masu saka muryar mata suna ba da shaida. Ta buɗe ajiyarta ta fara nema. Babu wadda ta kai ta Khaulah taɓa zuciya. Ta yanke sunaye, ta yanke inda aka ambaci likita da asibiti, ta sa wata manhaja ta ɗan kausasa muryar. Da ta zo kan maganar hannun da ya ƙone, ta tsayar. Ta mayar baya ta sake ji, har sau uku. Duk Danau Kota an san wanda ya yi wata guda yana sallah da hannu a naɗe, har an je masa jaje. Amma in ta cire wurin, labarin zai zama kamar na kowa, kamar ƙirƙira. Ta ce a ranta ai Kano da Jidda za a tura, wa ya san Hambali a can? Ta bar shi. Ta ɗora hoton zumar maza ta Zauren Ni'ima a kai, ta saki.

Kwana tara ya ɗauka kafin ya zagayo. Wata a Kano ta tura wa ƙanwarta a Gombak, nan gefen Kuala Lumpur, ƙanwar ta tura wa mijinta don tsokana, mijin ya jefa a guruf ɗin ɗalibai. Ranar wata Juma'a bayan an sauko, samari suna zaune a shagon mamak, wani ya kunna a fili ana dariya. Hambali yana teburin da ke kusa, ya yago gurasar roti zai kai baki. Da aka zo maganar hannu, dariyar ta mutu. Wani ya waiga, sauran ma suka waiga. Hambali ya ajiye lomar, ya wanke hannu, ya biya kuɗin abincinsa, ya fita.

Salihu yana wurin. Ya dawo gida bai taɓa abincin da aka ajiye masa ba.

"Maman Fa'iz, zo ki zauna."

Ta zauna. Ya kunna mata, ya bari har ƙarshe.

"Muryar wa ce wannan?"

"Wata ce daga cikin 'yan Zaure. An canza muryar, babu suna."

"Ban tambaye ki ko an canza ba. Kin ji maganar hannun nan kafin ki saki?"

"Ban lura ba. Saƙonni ne da yawa, cikin sauri na yi."

Ya ajiye wayar. Sannan ya ce, "Yau na ga an tuɓe mutum a bainar jama'a, kuma yana sanye da kayansa. Ni na karɓe shi a filin jirgi ranar da ya iso ƙasar nan." Ya tashi ya shiga ɗaki.

Ta goge tallar a ranar, amma ta riga ta shiga wayoyin da ba ta san adadinsu ba. Ta kira Khaulah, waya a kashe. Labari ya riƙa iso mata guntu-guntu daga bakin Amintattu, waɗanda suka fara zuwa a makare suna aiki ba hira. Hambali bai daki matarsa ba, bai zage ta ba, bai sake ta ba. Ya tambaye ta tambaya ɗaya, ko ita ce, ta ce ita ce. Ya haɗa kayansa a jaka ya koma ɗakin wani abokinsa a cikin jami'a. Ya daina zuwa surau. Khaulah da cikin wata bakwai ta koma gidan Hajiya Ɗelu, dattijuwar da ta shekara ashirin tana sarin yadi da hijabai a kasuwar titin Jalan Masjid India tana aikawa gida, wadda duk rigimar mata a wurinta take ƙarewa.

A mako na uku babu wadda ta zo aiki. Maimakonsu takarda ce ta zo, da sa hannun mutum tara daga cikin goma sha biyun. Sun rubuta cewa ta sa su aiki ba lada, ta tara sirrinsu a wayarta tana riƙe su da shi, ta sayar da muryar ɗaya daga cikinsu. Sun miƙa wa dattawan ƙungiyar 'yan Najeriya ta unguwar, an sa ranar Lahadi a zauna.

Hasanatu ta je wurin wata lauya. Matar ta duba fom ɗin da kowace 'yar Zaure take sa wa hannu ranar shiga, ta nuna mata wani layi da ƙananan haruffa a shafi na uku, wanda ya ba kamfani damar amfani da bayanan mambobi wajen talla. Hasanatu ta san layin, ita ta kwafo shi daga wani wuri, ta kuma san babu wadda ta taɓa karanta shi. Game da aiki kuwa lauyar ta ɗaga kafaɗa. In sun kai wa hukuma, su da mazajensu za su fara amsa tambaya. "Ki ce kuskure ne, ki ba da haƙuri gaba ɗaya, kar ki amsa komai dalla-dalla. Zai wuce."

Ta fito da ƙarfin gwiwa, ta hau mota. A hanya ta tuna yadda ita kanta ta zauna a ɗakin Makcik Zaiton tana faɗin abin da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Tsohuwar ta rasu shekara biyu da suka wuce, kuma ko 'yarta ba ta taɓa jin zancen ba. Kwanakin da suka rage Hasanatu ba ta iya cin abincin kirki ba. In ta ɗaga hannu za ta yi addu'a sai ta rasa abin da za ta roƙa, don duk abin da take so shi ne kar a gane, alhali Wanda take roƙo ya riga ya sani.

Ranar Lahadi da hantsi aka taru a ɗakin taro na ƙasan bene. Dattawa maza biyu suka buɗe da addu'a, suka ce magana ce ta mata, suka fita suka bar wa Hajiya Ɗelu. Mata sun kai arba'in. Khaulah tana can ƙarshe a jikin bango, ta rame, cikin ya fito sosai. Hasanatu ta zauna a gaba, fom ɗin suna cikin jakarta a kan cinya.

Ummi, ɗaya daga cikin Amintattu, ita ta fara, ta nuna tafin hannunta da garin saiwa ya dafe. Ta ce shekara biyu tana barin 'yarta wurin maƙwabta. Fatsuma, abokiyar aikinta, ta ce sau uku tana shirin daina zuwa, duk lokacin sai ta tuna abin da ta faɗa a gaban wayar nan game da mijinta, sai ta ɗaura ɗankwali ta fito. "Ba ta taɓa ce min za ta tona ba," in ji ta. "Amma ba ta taɓa ce min ba za ta tona ba." Wata ta miƙe ta kare Anti, ta ce ita aurenta a hannun matar nan ya gyaru. Aka fara hayaniya. Hajiya Ɗelu ta buga sandarta a ƙasa.

"'Yar nan," ta ce wa Hasanatu, "ni ban iya dogon zance ba. An ce kuskure ne, ba ki lura da maganar hannu ba. Haka kika faɗa wa mijinki, shi ya faɗa wa dattawa. Ina tambayarki a gaban Allah da waɗannan mata. Kin sani ko ba ki sani ba?"

Hannun Hasanatu yana kan zif ɗin jakar. Ta riga ta haddace abin da za ta ce. Ta ɗaga kai, idonta ya sauka kan Khaulah, ta ga yarinyar ba ita take kallo ba, ƙasa take kallo, kamar ita ce ake tuhuma.

"Na sani, Hajiya."

Ta ɗauke hannu daga jakar ta ci gaba.

"Sau uku na saurari wurin. Na san za a iya gane shi, na bar shi don ya fi jan mai saye. Kuma mijinta bai taɓa shan komai nawa ba, likita ne ya yi masa magani, na yanke wurin. Ranar da ta ce za ta huta na tuna mata abin da na sani a kanta, kuma da gangan na yi." Ta juya ga Amintattu. "Maganar biza da na ce don kare ku ne, kaina nake karewa. Na san ba ku da inda za ku kai ni."

Wata ta yi salati. Wadda ta kare ta ɗazu ta ɗauki jakarta ta fita. Khaulah ta sa fuska cikin hijabi, kafaɗunta suna girgiza.

Hasanatu ta fito da wayar ta ce za ta goge komai yanzu a gabansu. Hajiya Ɗelu ta ce a'a. "Ke kika tara, amma ba naki ba ne. Kowa ta zo ta goge nata da hannunta." Aka aika ofis aka ɗauko kwamfuta. Mata suka yi layi, kowace ta nemo sunanta ta danna, Hasanatu tana zaune a gefe kamar mai jiran gawa. Waɗanda ba sa ƙasar aka kira su ɗaya bayan ɗaya suka wakilta wasu. Har aka yi Azahar aka dawo ba a gama ba. Khaulah ce ta ƙarshe. Ta tsaya a gaban kwamfutar, ta ce a hankali, "Ni nawa in na goge a nan, na cikin wayar mutane fa?"

Aka yanke cewa za a rufe Zauren Ni'ima, a sayar da injina da kayan da suka rage a ba Amintattu haƙƙin guminsu, Hajiya Ɗelu ce za ta raba. Hasanatu ba ta yi musu ba.

Da ta koma gida ta faɗa wa Salihu cewa ƙarya ta yi masa. Ya ce ya sani tun ranar. Ya ce shi ma yana ganin matan nan suna hawa benen da safe shekara da shekaru, bai taɓa tambaya ba, saboda abin yana shigo musu da rufin asiri. "Gobe ki shirya," in ji shi. "Akwai wanda ba ki fuskanta ba tukuna."

Suka sami Hambali a jami'a, a wani benci ƙarƙashin bishiya kusa da inda motocin ɗalibai ke tsayawa. Ya gaisa da Salihu da hannu biyu, ya amsa gaisuwar Hasanatu bai kalle ta ba. Ta faɗi duk abin da ta faɗa a taro, ta ƙara da cewa matarsa ba ta yi magana don tozarta shi ba, ta yi ne tana neman yadda za ta taimake shi, kuma ita ce ta yi ta lallashi har ya ga likita.

Ya saurara har ta gama. Sannan ya ce, "Hajiya, ciwo ba ni na ɗora wa kaina ba, kuma na samu lafiya, alhamdu lillahi. Amma yanzu in na shiga masallaci sai in ga kamar kowa yana jin muryar nan. Ɗalibin da nake taya aiki ya daina kallon idona. Mahaifina ya kira ni daga Zariya yana tambaya ko gaskiya ne." Ya murza tabon da ke bayan hannunsa. "Na fi wata ban yi wa iyalina magana ba, ga ta da tsohon ciki. Wannan kuma nawa laifin ne, ba naki ba."

"Ka gaya min abin da zan yi, Malam."

"Ki yi magana da muryarki, ba a canza ba, da cikakken sunanki. Ki faɗi abin da kika yi. Kar ki ambace ni, kar ki ambace ta. Ki tura duk inda kika tura wancan."

Ta yi a ranar. Minti biyu ne. Ta ce ita Hasanatu mai Zauren Ni'ima ta ci amanar matan da suka ba ta sirrinsu, ta yi ƙarya a talla, ta ci gumin mutane, duk wanda yake da wancan saƙon ya ji tsoron Allah ya goge. Ya yaɗu fiye da na farko. Aka zage ta daga Kano har Landan, 'yan'uwanta suka kira suna kuka, matan da ta karɓi haihuwarsu a hanyar asibiti suka daina amsa sallamarta a lifta. Wasu kuma da ba su taɓa jin na farkon ba suka shiga nemansa. Wannan ma ta ji labari.

Hambali ya koma wurin matarsa saura mako biyu ta haihu. Suka tashi daga Danau Kota zuwa garin Kajang, inda babu Hausawa da yawa, yana shan doguwar tafiya kullum zuwa makaranta. Mace aka haifa. Ba a aiko wa Hasanatu da goron suna ba, a bakin mutane ta ji.

Sai bayan wata takwas ta sake ganin Khaulah, a Jalan Masjid India, ana saura kwana kaɗan Babbar Sallah. Ta shiga wani shagon yadi tana neman farar shadda ta Fa'iz, sai ga ta a gaban kanta da jaririya a ƙirji tana taya wani leshi. Babu hanyar kaucewa, shagon ƙarami ne.

"Khaulah."

"Anti. Ina wuni."

"Lafiya lau. Ya gida, ya 'yar baƙuwa?"

"Alhamdu lillahi."

Jaririyar ta juyo tana kallonta da manyan idanu. Hasanatu ta ɗaga hannu za ta taɓa ƙafarta, sai ta fasa.

"Na sha rubuto miki saƙo ina gogewa," in ji ta. "Ban san da wane baki zan roƙe ki ba. Ki yafe min, don Allah."

Khaulah ta gyara wa 'yar hula. Ba ta yi fushi ba, ba ta kuma yi murmushi ba.

"Anti, kin san har yau ba na iya tura saƙon murya? Ko Mama in za mu yi magana rubutawa nake, ita kuma ba ta iya karatu sosai ba, sai an karanta mata. In na danna zan yi magana sai in ji wuyana ya riƙe." Ta ɗago ta dubi Hasanatu. "Ranar da na fara zuwa wurinki kin taimake ni, ban manta ba. Shi ya sa abin ya fi min ciwo. Ba zan ce miki na yafe ba alhali ban yafe ba. In na yafe zan aiko miki."

"To. Na gode."

Mai shagon ya ce, "Boleh, madam, ki ɗauka a yadda kika taya." Khaulah ta biya, ta karɓi ledarta, ta ce, "A gaida Fa'iz," ta fita ta shige cikin masu tafiya tashar jirgin ƙasa ta Masjid Jamek.

A shekarar da ta biyo baya Hambali ya kammala karatunsa suka koma Zariya. Hasanatu tana nan Danau Kota, tana kai yara makaranta tana ɗauko su, ba ta sake sayar da ko cokali ɗaya na zuma ba. Saƙon bai zo ba har yanzu. Sau biyu Salihu yana ce mata ta canza lambar waya saboda masu kira suna zagi, ta ce a bar ta.